Daga Ganuwar Yakubu Zuwa Gadar Wunti: Yadda Masu Mulki Suka Zana Garin Bauci

Ba kasafai mutanen gari sukan tsaya su tambayi kansu wanda ya ce hanya kaza ta bi ta nan, ko kasuwa kaza ta zauna can ba. An tashi an tarar da su haka nan, sai a ɗauka ajiyar Allah ce kamar dutse da rafi. To, a birnin Bauci, in an ɗebe duwatsun da suka kewaye shi, kusan duk abin da ido ya gani akwai ranar da wani mai iko ya nuna da hannu ya ce a yi shi a nan. Ganuwa da ƙofofinta, filin ƙofar fada, layukan itatuwan Bariki, tashar jirgin ƙasa, gidajen ma'aikata, har gadojin saman da aka kawo kwanan nan, ko wanne da mai shi, ko wanne kuma da abin da mai shi yake nufi.

Cikin shekara ɗari biyu da 'yan kai, ikon raba ƙasa a Bauci ya sake hannu sau biyu. Da yana hannun Sarki, ya koma hannun Gwamnan Turawa da Razdan nasa, yau kuwa yana hannun Gwamnan Jiha. Duk sa'ad da ikon nan ya tashi daga wani hannu zuwa wani, sai cibiyar garin ita ma ta gusa, wata unguwa ta yi daraja, wata ta zama bayan gida. Wanda ya san wannan, in ya zaga Bauci zai iya karanta tarihin mulkin Nijeriya ta Arewa a jikin ƙasa ba tare da ya buɗe littafi ba.

GARIN YAKUBU

Malam Yakubu almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, kuma cikin manyan da suka karɓo tuta shi ne wanda ba Bafillace ba, gama asalinsa daga Gerawa ne. Bayan ya zauna a Inkil, sai ya kafa birnin Bauci a 1809. Labarin da mutanen gari suke bayarwa shi ne wani maharbi mai suna Baushe ya nuna masa wurin, yamma da dutsen Warinje, shi kuwa ya saka masa da sa wa garin sunansa. Masana tarihi suna ƙarawa da cewa tun kafin jihadi Hausawa suna kiran ƙasashen da ke kudu da su ƙasashen Bauci. Turawan da suka ratsa a ƙarni na 19, kamar Bajamushen nan Rohlfs wanda ya sauka a 1867, sun fi sanin garin da sunan mai shi, shi ya sa a tsofaffin taswirori za a ga an rubuta Yakoba.

Ko wane ne ya nuna wurin, zaɓen na mayaƙi ne. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai daɗin sukuwar doki, ga duwatsu a gefe inda za a hau a hango ƙurar abokan gaba tun suna nesa. Mutanen da Yakubu ya tarar a wannan ƙasa da yawansu a kan duwatsu da gindinsu suke zaune, domin dutse shi ne garkuwar wanda ba shi da doki. Sabon mai mulki ya sauko fili ya zauna, ya nuna ke nan ba ya tsoron kowa, sa'an nan ya kewaye kansa da ganuwa wadda kewayenta ya kai mil 6 da rabi, watau kilomita 10 da rabi.

Mai karatu ya tsaya ya auna wannan aiki. Ba katafila, ba tifa, sai galma da kwando da kan mutum. A haƙa ƙasa, a kwaɓa, a yi tubali, a ɗora, damina ta zo ta zaftare wani sashi, da kaka a koma a gyara. Ba mai iya tara hannun da zai yi wannan sai wanda in ya yi kira dole a amsa, kuma ba asiri ba ne cewa cikin masu ɗaukar ƙasar akwai bayi da mutanen garuruwan da aka ci da yaƙi. Saboda haka ganuwa tana aiki biyu. Tana tare mahara, tana kuma gaya wa duk wanda ya tunkaro ta yawan mutanen da ke ƙarƙashin mai ita.

Sunayen ƙofofin ma bayani ne. Ƙofar Inkil da Ƙofar Tirwun suna tuna wuraren da Yakubu ya fito. Ƙofar Wase tana duban ƙasar da ta bi Bauci can kudu. Ƙofar Wambai sunan sarauta take ɗauke da shi. Ga kuma su Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Jahun, Ƙofar Dumi da Ƙofar Nasarawa. A ƙofa ake sanin wanda ya shiga da wanda ya fita, a nan fatake suke biyan abin da aka aza musu, in dare ya yi a rufe. Hanyoyin da suka taso daga ƙofofin nan kuwa, in mutum ya bi su, ƙarshensu fada da masallacin Juma'a da filin da ke tsakaninsu. Wannan fili ba don ado aka bar shi ba. Nan dawaki suke taruwa in za a fita yaƙi, nan hakimai suke kawo gaisuwa ran salla, talaka kuma ya ga ƙarfin sarauta da idonsa.

Akwai abu biyu cikin tsarin nan na da waɗanda suka kamata a riƙe, domin za a sake komowa kansu. Na farko, ganuwa ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, an bar gonaki da makiyaya a cikinta don in an yi wa gari zobe a sami abin ci. Na biyu, duk inda aka haƙi ƙasar gini sai wurin ya zama kududdufi, kududdufan nan kuwa su ne suke shanye ruwan sama da damina.

Yakubu ya rasu a 1845. Magadansa sun sha fama da tawaye da kuma yaƙin Ningawa daga arewa, wannan fama ita ma ta bar alama a ƙasa. Garuruwa masu kafi suka tashi a fuskar Ningi, cikinsu har da Kafin Madaki, inda gidan nan na Madaki yake wanda ake danganta gininsa da Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin masallacin Zariya. Har ta kai an ɗauke zaman fada zuwa Rauta, mil 35 arewa maso yamma. Garin da Sarki ya bari, ko da ganuwarsa tana tsaye, ya rage armashi.

YADI 440

A cikin Fabrairu 1902 sojan Turawa a ƙarƙashin Kanar Morland suka shiga Bauci, aka tuɓe Sarki Umaru. Daga ran nan ganuwa ta tashi daga aiki, gama ba ta tare igwa, sabon mai gida kuma ba ya bukatarta. Turawa ba su rushe ta ba, ba su kuma shiga cikinta sun zauna ba. Suka koma waje, yamma da birni, suka kafa nasu wurin, wanda mutane suke kira Bariki.

Tsarin Bariki ba a Bauci aka ƙago shi ba. A 1897 wani likitan Ingila, Ronald Ross, ya tabbatar sauro ne yake ɗaukar zazzaɓin cizon sauro daga jikin wani zuwa wani. Masu mulkin mallaka suka ɗauki wannan ilmi suka gina siyasa a kansa. Suka ce tun da cutar tana jinin 'yan ƙasa, musamman yara, maganin abin shi ne Bature ya kwana nesa da baƙar fata. Dokar Garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta ƙarfafa wannan tsari, aka tsai da cewa a bar fili mai faɗin yadi 440, watau rubu'in mil, wanda ba za a yi gini a cikinsa ba tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Hujjar ita ce wai sauro ba ya wuce wannan nisa. Abin dariya a nan shi ne kuku da boyi da mai gadi suna kwana a bayan gidan Baturen, sauron kuwa bai karanta dokar ba. Mutanen Ikko sun san irin wannan a Ikoyi, na Kano sun san shi a Nasarawa.

Abin da ya fito daga wannan doka gari biyu ne masu kama daban. A cikin birni gida yana jingine da gida, lungu yana karkacewa yadda zumunci da gado suka karkata shi, inuwa kuwa ta zaure ce da ta katanga da 'yan itatuwan da aka gada, su tsamiya da kuka da ɗurumi. A Bariki kuwa safiyo ne ya ja igiya. Gida ɗaya a tsakiyar fili mai girman gona, shinge maimakon katanga, hanya miƙaƙƙiya, itatuwa a jere sahu-sahu kamar soja a fareti. Mangwaro da sauran itatuwan da suka yi wa tsohuwar unguwar Turawa rumfa hukuma ce ta sa aka dasa, da hannun leburori da fursunoni aka yi ta ba su ruwa har suka kama. Ita darbejiya, wadda a gabashin ƙasar nan ake kira maina, baƙuwa ce daga Indiya, a Lardin Barno aka fara dasa ta a 1928, daga nan En'e-En'e suka baza ta a bakin hanyoyi da kasuwanni da makarantu har ta zama kamar 'yar gida.

Ba laifi a yaba wa wanda ya dasa itace. Amma a lura da inda aka dasa. Har yau in rana ta take a watan Afrilu, mai tafiya a ƙasa ya san bambancin iskar tsohuwar unguwar Turawa da ta unguwannin da talakawa suka yanka wa kansu a bayan gari. Wannan bambanci rabo ne da aka yi da alƙalami shekaru aru-aru da suka wuce. Da Turawa suka tafi a 1960 ba a sake rabon ba, manyan ma'aikata 'yan ƙasa ne suka shiga gidajen, daga baya aka yanka sabuwar unguwa irinta aka ƙara.

Alƙalamin kuwa ga inda ya samo ƙarfinsa. A 1910 Turawa suka yi shela cewa dukan ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, shi zai riƙe ta domin amfanin 'yan ƙasa. A cikin birni da ƙauyuka Sarki da hakimai da masu unguwa suka ci gaba da ba da fili bisa al'ada, amma a kan takarda maganar ƙarshe ta bar fada. Dokar 1962 ta Gwamnatin Jihar Arewa ba ta sake wannan tushe ba, Minista kawai ta sa a gurbin Gwamnan Turawa.

Labarin reluwe ya isa misalin yadda mai mulki yake bin abin da yake so ya tsallake abin da ba ya so. Akwai wata 'yar siririyar hanyar jirgi da aka shimfiɗa daga Zariya tsakanin 1912 da 1914 aka sa mata sunan Bauci, amma ko kusa da birnin ba ta zo ba. A Jos da Bukuru ta tsaya, domin kuza ake nema. A 1926 ma aka yanke ƙasar kuzar aka yi Lardin Filato. Birnin Yakubu bai ji kukan jirgi ba sai 1961, bayan da aka karɓo rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya a 1958 don kai hanya Barno. Jirgin ya isa Gombe a 1963, Maiduguri a 1964. A lokacin, Firayim Ministan Nijeriya mutumin Bauci ne, wanda kafin nan ya riƙe Ma'aikatar Sufuri.

RAN 3 GA FABRAIRU, 1976

Da aka yi jihohi 12 a 1967, Bauci ta faɗa cikin Jihar Arewa maso Gabas, hedkwata kuwa Maiduguri. Garin ya zauna a matsayin babban garin lardi, mai Razdan da 'yan ofisoshi da makarantu. Gwamnatin wannan jiha ce ta ɗauko kamfanin Max Lock, Baturen Ingila da ya tsara taswirar Kaduna a 1967, ya auna manyan garuruwanta ya ba da shawarar yadda za su faɗaɗa, Bauci tana ciki. Ana cikin haka sai siyasa ta riga taswira.

Ran 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammed ya yi jawabi ya mai da jihohi 19, a cikin jawabin nan kuma ya ba da sanarwar za a tashi daga Ikko a gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa. Watau Abuja da Jihar Bauci rana ɗaya aka haife su. Bambancinsu shi ne Abuja an zana ta a takarda kafin a aza tubali, Bauci kuwa an wayi gari ne kawai aka ce mata ke hedkwata ce. Laftana-Kanar Muhammadu Bello Kaliel ya zo Gwamna, ma'aikata suka kwararo daga Maiduguri da iyalansu da fayil-fayil, ba ofis, ba gidan kwana. Kuɗin man fetur yana shigowa a lokacin, sai aka shiga gini ba ji ba gani: sakatariya, gidajen ma'aikata masu sauƙin kuɗi na jiha da na tarayya, barikin soja na Shadawanka, otal-otal, daga baya madatsar ruwa ta Gubi. Gwamnatin Tarayya tana raba masana'antun haɗa motoci a sassan ƙasa, Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Ikko, Leyland a Badun, Mercedes a Inugu, Fiat a Kano, sai Bauci ta sami Steyr ta mutanen Ostiriya, mai haɗa manyan motoci da taraktoci. Ba kusancin tashar jirgin ruwa ko na ƙarfe ya kawo Steyr Bauci ba, rabon arzikin ƙasa ne ya kawo ta. A 1980 aka ƙara da Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda ta zauna a Yalwa kafin ta sami babban fili a Gubi.

Duk waɗannan gine-gine a kan gonakin wasu suka sauka. A nan ne dokoki biyu na wannan zamani suka yi aikinsu. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, ya raba Sarki da baitulmali da ofisoshin da yake juyawa. Sa'an nan a watan Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa dukan ƙasar ko wace jiha a hannun Gwamnanta bisa amana. Gwamna ne yake cewa nan birni ne, nan ƙauye ne. A cikin abin da ya kira birni, shi yake sa hannu a takardar mallakar fili, shi kuma yake da ikon soke ta in ya ce jama'a suna bukatar wurin. In an karɓe gonar mutum, diyyar da doka ta sani ita ce ta gini da itatuwa da amfanin da ke kai, ba a biyan kuɗin ƙasar kanta. An kuma cusa dokar cikin tsarin mulki na 1979, aka maimaita a na 1999, don kada a taɓa ta cikin sauƙi.

Ko Sarki Yakubu da tutarsa bai riƙe ƙasa da irin wannan ƙarfi ba, domin shi al'ada da shari'a da manyan fada suna taka masa burki. Manomin Gerawa ko Bafillacen da kakanninsa suka yi noma da kiwo a gefen gari sai ya ga safiyo ya kafa duwatsun siminti a gonarsa, bayan shekara biyu wurin ya zama fuloti mai lamba, mai lambar kuwa wani ne da ya san hanyar ofis. Fuloti ya zama abin da ake saka wa magoya baya da shi, ya zama kuma abin da sabuwar gwamnati takan kafa kwamiti ta bincika in ta gaji tsohuwa. Wanda bai san kowa ba sai ya sayi yanki a hannun mai gona, da shaidar mai unguwa, ya gina abinsa ba hanya, ba lambatu, ba famfo. Kaso mai yawa na Baucin yau haka aka gina shi, hukumar raya birane tana biye a baya tana shafa jan fenti a bango.

Ganuwa ita ma a wannan guguwa ta tafi. Mai bukatar ƙasar gini ya ɗiba, mai bukatar fili ya baje ya aza harsashi, hukuma ta fasa don hanya ta wuce. Abin da ya rage 'yan tuddai ne nan da can, sai ƙofofin da aka sake ginawa da siminti don tunawa. Gonakin cikin ganuwa sun zama gidaje. Kududdufan da aka ambata ɗazu an cike da yawansu da shara an yi gini a kai, ruwan sama kuwa bai manta hanyarsa ba, in ya rasa masauki sai ya shiga ɗakunan mutane.

KABARIN DA BA SHI DA RUFI

A cikin duk abin da hukuma ta gina a Bauci, babu wanda aka zauna aka yi wa tunani kamar kabarin Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke kusa da Ƙofar Ran. An haife shi a 1912, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Bauci, yana cikin 'yan bokon da suke zaman muhawara a garin a shekarun 1940 tare da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano. Shi ne ya tashi a Majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a gyara tsarin En'e. Ya zama Firayim Minista a 1957, sojoji suka kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966, aka kawo gawarsa gida aka rufe.

An fi shekara goma kabarin yana nan kamar na kowa. Sai a 1977 aka soma ginin da ake gani yanzu, bisa zanen wani mai tsara gine-gine, Robin Atkinson, aka buɗe a 1979. Mai ziyara ba ya faɗawa kan kabarin kai tsaye. Sai ya bi ta wani dogon lungu mai duhu, haske yana ɗan tsargowa, ya hau matakala mai kaushi, ya bi mai santsi, kana ya fito wani fili mai dogayen bangaye da aka yi wa ado da launuka iri-iri, sama a buɗe. Masu yi wa baƙi jagora sukan fassara duhun da zamanin mulkin mallaka, hasken da begen 'yanci, launukan da kabilun Nijeriya, rashin rufin kuwa da sauƙin kai na marigayin. A tsakiya ga kabarin, ba ƙubba, ba zinariya, kusan yadda Musulunci ya so kabari ya kasance. A gefe akwai ɗakin da aka ajiye 'yan kayansa, wanda ya gan su ya san mutumin bai tara dukiya ba.

Gini ne mai kyau, mai sa mutum ya yi shiru. Duk da haka shekarun suna da abin faɗi. Soja ne suka kashe shi, gwamnatin soja ce kuma ta gina masa wannan wuri, ta gama shi daidai shekarar da take shirin miƙa mulki ga farar hula, shekarar da hotonsa ya hau takardar Naira 5. Ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa tana neman mutumin da kowa zai yarda da shi, sai ta same shi a malamin makarantar da ya mutu ba shi da komai. Labarin da ginin yake bayarwa na wahala ne da haɗin kai, ba ya nuna kowa da yatsa. Ginin da hukuma ta biya kuɗinsa ba ya wuce abin da hukuma take iya faɗi.

Daga nan sunan ya bazu. Jami'ar ta koma Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta tsaya da ƙafarta a 1988. Filin wasa, inda aka buga wasannin ƙwallon ƙafa na matasan duniya a 1999 da 2009, sunansa ne. Asibitin koyarwa sunansa ne. A Ikko ma tsohon filin sukuwa, inda aka sauke tutar Ingila a 1960, sunansa yake ɗauke da shi. Raɗa suna shi ne gini mafi araha da mai mulki yake yi, allo ɗaya da fenti ya isa. Wanda ya bi titunan Bauci zai gamu da Ahmadu Bello da Murtala Muhammed da Yakubun Bauci da Adamu Jumba, zai ga makarantar kimiyya da fasaha mai sunan Tatari Ali, Gwamnan farar hula na farko, da dandalin da aka raɗa wa sunan Janar Babangida. Sa'adu Zungur, wanda a ransa hukuma take ganinsa ɗan tada zaune tsaye, yau yana da titi da makaranta da jami'a.

ZAMANIN GADAR SAMA

Tun daga 1999 gwamnonin farar hula suke mulki, Gwamna kuwa shekara huɗu gare shi, in ya yi sa'a takwas. Wannan lissafi yana bayyana a irin aikin da ake zaɓa. Itacen da aka dasa bana ba zai yi inuwa ba sai mai dasa shi ya sauka. Lambatun da aka binne a ƙarƙashin ƙasa ba ya fita a hoto. Titi mai hannu biyu da fitilu da shataletale kuwa ana gama su kafin zaɓe, a yanka zare, a kafa allo. Alhaji Ahmadu Adamu Mu'azu, daga 1999 zuwa 2007, an san shi da shimfiɗa tituna. Malam Isa Yuguda ya fitar da filin jirgin sama daga cikin gari ya kai shi Durum, aka buɗe a 2014, shi ma da sunan Tafawa Ɓalewa. Duk inda aka kai babban aiki irin wannan, farashin gonakin da ke kan hanyar yakan tashi tun kafin a zuba kwalta, wanda ya riga jin labari shi ne da riba.

Sanata Bala Muhammed, Ƙauran Bauci, ya hau a 2019 bayan ya riƙe Ministan Abuja daga 2010 zuwa 2015, watau ya zo da idon wanda ya saba da manyan tituna. A zangonsa na farko aka ba da kwangilar sake gina Gidan Gwamnati a kan kuɗi sama da Naira miliyan dubu 6, 'yan hamayya suka yi ta suka cewa akwai abin da ya fi wannan gaggawa, gwamnati ta ce jiha tana bukatar mazaunin da ya dace da ita. A zango na biyu, wanda ya soma a 2023, aka shiga aikin gadojin sama a Wunti da kuma wajen Babbar Kasuwa.

Cunkoso a waɗannan wurare gaskiya ne, duk mai shiga kasuwar Wunti da yamma ya sani. Sai dai faɗaɗa titi a tsohon gari ba ya yiwuwa sai an ci gaban gidan wani da rumfar wani. Ba a Bauci aka fara ba. Sa'ad da Sarkin Faransa Napoleon na Uku ya sa Haussmann ya tsaga manyan tituna a Paris daga 1853, dubban talakawa ne suka koma bayan gari, aka sami birni mai kyan gani wanda kuma soja suke ratsa shi cikin sauƙi in an yi bore. A Bauci mai takardar Gwamna yana da abin da zai nuna wa kwamitin diyya. Mai shago na haya, da mai tebur, da mai gidan gado wanda shaidarsa ita ce kowa a unguwa ya san na kakansa ne, su ne sukan sha wuyar bayani. Gadar kuma an yi ta ne domin mai mota, alhali yawancin masu zuwa Wunti a ƙasa suke zuwa, ko a Keke NAPEP, ko da baro cike da kaya. Su za su ci gaba da bi ta ƙarƙashinta, kusa da inda masu tsaron ƙofar Sarki Yakubu suke tsai da fatake su duba kayansu.